An fidda shi daga lakwal, an baje shi a kasuwar duniya

 

Cikin kwana uku kacal, hoton bidiyo guda ya shigo salulata har sau huɗu ta WhatsApp. Na farko daga zauren ƴan kasuwar hatsi ya fito, na biyu daga zauren tsofaffin ƴan ajinmu, na uku wata ƙanwata da ke aure a Mayahi ta turo shi, na huɗu kuwa daga wani ne da ban ma san inda ya samu lambata ba. Abin da ke ciki bai kai minti biyu ba. Yaro ne ɗan shekara 8, zaune a ƙasa a tsakar gida, ya toshe kunnuwansa da hannu bibbiyu, yana jijjiga jikinsa gaba da baya yana ihu, injin niƙa kuma na ruri a bayan katanga. Ana jin muryar mace tana cewa: «Jama'a ku gani, yau ma abin ya motsa, ku sa mu cikin addu'a.» A ƙasan hoton an rubuta lambar da za a aika taimako.

Tun kafin hoton ya ƙare na gane gidan. Na san iccen bedin da ke tsakar gidan, na san randar da ke gindinsa, domin na sha ruwanta ba sau ɗaya ba. Gidan wani abokina ne a Tasawa, wanda muka zauna benci guda a lakwal kafin ya bar karatu ya kama fataucin wake da aya tsakanin Tasawa, Maraɗi da Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi unguwarsa ba, balle sunan yaron. Yaron nan an riga an nuna shi fiye da kima, kuma wannan shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Yadda aka yi ya bar aji

Na isa Tasawa bayan la'asar, muka zauna a zaure, aka ɗora shayi. Na ce: «Alhaji, yaya jikin yaron?» Ya ce: «Lafiyarsa lau, ba ciwo yake ba. Halittarsa ce haka.» Daga nan ya kwashe labari ya ba ni.

Yana da shekara 7 aka sa shi aji CI, a wata rumfar zana mai ɗalibai sama da 70. Duk lokacin da mushe ya faɗi kalma, yara suka maimaita da ƙarfi baki ɗaya, sai yaron ya toshe kunne ya fita da gudu. Yara suka laƙaba masa suna, wasu na ce masa dolo, wasu mai iska. Mushe ya ɗauka taurin kai ne, ya tsula masa bulala sau ɗaya, abin ya ƙara lalacewa. Bayan wata uku direkta ya kira uban ya ce: «Alhaji, ka yi haƙuri, ba mu da yadda za mu yi da shi.» Alhaji ya kama hannun ɗansa ya kawo shi gida, kuma tun ranar bai sake taka ƙofar lakwal ba.

Na tambaya ko yana karatu. Aka ce yana yi, a gida. Da na bi diddigi, sai na iske karatun shi ne wani malami da kan zo bayan magariba da allo, wata rana ya zo, wata rana bai zo ba. Sauran yinin kuwa salula ce a hannunsa. Yayarsa ƴar shekara 12 takan fasa zuwa lakwal kwana biyu ko uku a mako domin ta tsare shi idan uwar na aiki. Ita kuma uwar, tare da ƙanenta, sun buɗe shafi a TikTok da Facebook inda suke nuna rayuwar gidan: girki, ɗinkin salla, wasan yara. Alhaji da bakinsa ya ce mini: «Da muka sa girki, mutum 200 suka kalla. Da muka sa shi, sai da aka kai 40,000.»

Sunan abin

Kafin mu yanke wa kowa hukunci, ya kamata mu san abin da muke magana a kai. Halin nan likitoci na kiransa otisim. Ƴan jaridar Hausa na Najeriya kan ce galahanga, ko da yake kalmar ana jingina ta ga larurori iri-iri. A garuruwanmu kuwa sunayen da muka saba ba irin waɗannan yara su ne ɗan ruwa, mai iska, bebe ko taɓaɓɓe, kuma kowane suna na ɗauke da tasa hanyar magani, daga hayaƙi da rubutu har zuwa gidan bori.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana halin dalla-dalla a 1943, bayan ya lura da yara 11. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yakan bayyana tun kafin yaro ya kai shekara 3. Ana kiran sunansa bai waiwaya ba, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya nuna abu da yatsa domin a gani tare da shi. Magana takan yi jinkiri, ko ta zo ta zama maimaita abin da aka faɗa. Yana son komai ya tsaya yadda ya saba, ƙaramin sauyi na iya tada masa hankali. Ƙarar da ni da kai ba mu damu da ita ba, shi tana iya zame masa kamar ana huda masa kunne. Ihun da muka gani a hoton nan, ke nan, azabar ƙarar injin niƙa ce yaron ke sha, kuma hannu biyun da ya ɗora a kunne shi ne iyakar maganin da yake da shi.

Halin hawa-hawa ne. Akwai wanda zai buƙaci mai kula da shi iya rayuwarsa, akwai wanda zai yi karatu ya riƙe aiki ya yi iyali. An fi gano shi ga yara maza, kusan ninki huɗu a kan mata. Bincike ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Ba laifin uwa ba ne, ba sakacin tarbiyya ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo shi: rahoton da ya yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar likitoci ta The Lancet da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunan marubucin daga rajistar likitoci. Babu ƙwaya ko jiƙo da ke kawar da otisim, don haka duk wanda ya ce yana da su, kuɗinka yake so. Abin da ke taimako shi ne koyarwa ta haƙuri, wadda aka fara da wuri.

Masu cewa ciwon Turawa ne su sani tun 1978 wani masani, Victor Lotter, ya wallafa binciken da ya yi a ƙasashen Afirka da dama, ya kuma iske yara masu wannan hali. Wani babban nazari na 2022, wanda hukumar lafiya ta duniya OMS ta kafa hujja da shi, ya ƙiyasta yaro 1 cikin 100 a duniya. Mu yi lissafin ƴan kasuwa. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Tasawa da ta Mayahi mutum sama da 500,000 kowace, wato sama da miliyan guda a haɗe, kuma kusan rabin jama'ar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Idan muka auna da wancan ƙiyasi, muna maganar yara wajen 5,000 ne tun a lissafin 2012, daga Urafan zuwa Korgom, daga Kanambakashe zuwa Sarkin Hausa. Ɗan Alhaji ɗaya ne daga cikinsu. Bambancinsa da sauran shi ne an ɗauke shi hoto.

Zaman gida daban, karatun gida daban

Ban ga laifin Alhaji ba da ya ɗauke ɗansa daga wurin da ake dukansa ana yi masa dariya. Ni ma da nawa ne, da na yi haka. Mushen ma ban ɗora masa duka laifin ba, domin mutum guda da alli guda a gaban yara 70 ba a koya masa abin da zai yi da irin wannan ɗalibi ba. Amma fidda yaro daga wuta mataki na farko ne kawai, saura a san inda za a ajiye shi.

A takarda, haƙƙinsa a bayyane yake. Dokar LOSEN mai lamba 98-12 ta 1 ga watan Yuni 1998 ta ce ilimi haƙƙin kowane ɗan Nijar ne, ta ɗora wa gwamnati tabbatar da shi ga yara daga shekara 4 zuwa 18, ta kuma tanadi ilimi na musamman ga masu naƙasa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 24 ya ce kada a ware yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasarsa. A watan Disamba na 2019 an ƙara wata doka kan shigar da masu naƙasa cikin harkokin al'umma. A ƙasa kuwa, makarantun musamman da aka daɗe da sani na makafi ne da kurame: ta makafi a Yamai, na kurame a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Yaro mai otisim yana gani yana ji, buƙatarsa daban ce. Ƙungiyar Handicap International, wadda ta koma Humanité & Inclusion a 2018, ta yi aikin shigar da yara masu naƙasa cikin azuzuwan kowa da kowa a Yamai da Maraɗi, abin da ya nuna ana iyawa idan an horar da mushe. Sai dai daga birnin Maraɗi zuwa rumfar zana a Tasawa akwai tafiya.

Ma'aikatanmu da suka san Faransa sun san can ma ana karantar da yara a gida. Amma tun daga rantire na 2022, a ƙarƙashin dokar 24 ga watan Agusta 2021, sai uba ya nemi izini daga hukumar ilimi. Lafiyar yaro ko naƙasarsa na cikin dalilai huɗu da ake karɓa, kuma jami'an ilimi na zuwa aƙalla sau ɗaya a shekara su duba ko yaron na ci gaba. Ana iya sukar tsarin, amma akwai wanda ke tambaya. Ɗan Alhaji kuwa shekara guda ke nan da barin aji, babu wanda ya zo daga ko'ina ya tambayi ko ya san harafi guda.

Karatun gida na gaskiya yana da alamomi, kuma kowane uba na iya gwada nasa gidan da su. Akwai lokaci tsayayye da yaron ya sani, kullum, a wuri guda marar hayaniya? Akwai mutum guda da aka ɗora wa aikin, wanda yaron ya saba da shi? An rubuta abin da ake so ya iya cikin wata uku, ko da sa riga ne da kansa, ko neman ruwa da kalma ko da hoto, ko ƙirga zuwa 20? Yana haɗuwa da wasu yara, ko da biyu ne, a wasan da babba ke lura da shi? Idan amsar duka a'a ce, to yaron zaman gida yake, sunan karatu kawai aka ara aka yafa masa.

Salular da aka miƙa masa ba za ta cike wannan gurbi ba. Dattawanmu na tune da cewa tun 1964 Nijar ta gwada koyarwa ta talabijin a wasu lakwal, tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka. Ko a wancan lokaci ba a bar yara da akwati su kaɗai ba, kowane aji na da mai kula da ke bitar darasi tare da su. Abin da yaro mai otisim ya fi buƙatar koya shi ne mu'amala da mutum, wato ya duba a dube shi, ya nema a ba shi, ya jira nasa lokaci. Gilashin salula ba ya mayar da kallo.

Sai kuma yayarsa. Kowace ranar da ta zauna tsaron ƙanenta, gidan ya yi asarar karatun yara biyu ke nan maimakon ɗaya. A jihar da muke fama da riƙe ƴan mata a lakwal, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ita babu wanda ya ɗauki hotonta yana nema mata addu'a.

Salula ta tsallake zaure

Kakanninmu da suka gina gida suka sa masa zaure sun san abin da suke yi. Baƙo na tsayawa nan, abin da ke tsakar gida na masu gida ne. Uwa takan ji kunyar ambaton sunan ɗanta na fari, balle ta tallata shi. Yau ga wani sabon zaure, na WhatsApp, wanda aikinsa kishiyar na da ne: abin da ke ƙuryar ɗaki shi yake fitarwa. An ɗauke yaro daga idon ƴan aji 70 domin suna yi masa dariya, an ajiye shi gaban ido 40,000 waɗanda ba a san ko su wa ba ne. Na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Akwai masu addu'a da yawa, Allah ya saka musu. Akwai kuma masu cewa aljani ne a kai shi wurin wane, da masu tallar jiƙo, da samarin da suka yanko ihun suka ɗora masa kiɗa.

Abu na farko da ya dame ni shi ne yarda. Kamfanonin TikTok da Facebook su da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Wannan yaro shekararsa 8, kuma ko tambayarsa aka yi ba zai iya cewa a'a da baki ba. Wanda bai iya hanawa ba, nauyin hana masa na wuyan iyayensa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoton bidiyo ya fi ta. Yaron nan zai girma a Tasawa. Wata rana zai shiga kasuwa, ƙila ya nemi aiki, ƙila ya nemi aure, ƴan uwansa mata ma za a zo neman aurensu, kuma hoton na nan cikin salular mutanen gari.

Na biyu shi ne abin da kasuwar ke saye. Alhaji ɗan kasuwa ne, ya san kayan da aka fi nema shi ake ƙara kawowa. Ranar da yaron ya zauna lafiya yana wasa, babu mai kallo. Ranar da ya faɗi yana ihu, kallo ya ninka sau 200. Ba na zargin uwar da mugunta, na san irin son da take yi masa. Amma a minti biyun nan da hannunta ke riƙe da salula, hannun bai ɗauke shi ya kai shi ɗaki nesa da ƙarar injin ba. Gidan da aka ce mafaka ce gare shi ya zama wurin da ake jiran ranar wahalarsa.

Na uku shi ne lambar da aka rubuta a ƙasa. Neman taimako ba abin kunya ba ne ga mabuƙaci. Sai dai mu tuna da watan Maris na 2022, lokacin da gwamnati ta aika jirgi ya kwaso ɗaruruwan ƴan Nijar da ke bara a titunan Dakar, akasarinsu mata da yara, muka yi ta cewa an zubar mana da mutunci. Yaron da aka zaunar bakin titi da ƙoƙo da yaron da aka ɗora kukansa a intanet da lambar aika kuɗi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda muke so mu ɗauka ba. Kuma kuɗin da ya shigo da sunansa, wa ke riƙe da lissafinsa?

Waɗanda suka riga mu shiga wannan harka sun ga ƙarshenta. A jihar Ohayo ta Amurka, wasu ma'aurata masu tasha a YouTube sun ɗauko yaro daga ƙasar Sin a 2017 suka riƙe shi a matsayin ɗa. Suka yi ta nuna shi, har da tallar kayan kamfanoni, aka kuma gano yana da otisim. A watan Mayu na 2020 suka fito suka ce sun miƙa shi ga wani iyali. Hukuma ta bincika ta ce yaron na cikin aminci a sabon gidan, amma hotunansa sun riga sun zagaye duniya. A jihar Yuta kuma, Ruby Franke, wadda tasharta ta nuna rayuwar iyali ta taɓa tara masu bi sama da miliyan 2, kotu ta ɗaure ta a watan Fabrairu na 2024 bisa laifin azabtar da ƴaƴanta. Asirin ya tonu ne a watan Agusta na 2023, da ɗanta mai shekara 12 ya tsere ta taga, a rame, ya buga ƙofar wani maƙwabci yana roƙon ruwa da abinci. Allah ya kiyaye in kwatanta gidan abokina da wannan. Darasin da na ɗauka guda ne: miliyoyi sun san fuskar yaron, amma maƙwabci ne ya cece shi. Yaron da ba ya zuwa lakwal ya rasa idon mushe, ya rasa idon iyayen abokansa, kuma masu kallo daga nesa ba sa maye gurbinsu.

Saboda irin haka ne Faransa ta yi doka ranar 19 ga watan Oktoba 2020 kan yara ƴan ƙasa da shekara 16 da ake samun kuɗi da hotunansu: ana ajiye musu kaso a asusun gwamnati har su girma, kuma yaro na iya neman a goge hotonsa ba sai da izinin iyaye ba. A watan Fabrairu na 2024 ta ƙara wata doka da ta ɗora wa uwa da uba tare nauyin kare hoton ɗansu. Jihar Ilinoyi ta Amurka ta fara aiki da makamanciyar dokar ajiye kuɗi ranar 1 ga watan Yuli 2024. Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara tun 1990, kuma sashenta na 16 ya kare sirrin yaro da mutuncinsa. Muna da dokar kare bayanan mutum ta 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP da aka kafa dominta. Abin da ya rage shi ne mutanen Tasawa da Mayahi su ji labarinsu da Hausa.

Hujjar Hajiya

Adalci ne in kawo abin da uwar ta ce, domin hujjarta ta fi ta kowa nauyi. Daga bayan labule ta ce mini: «Malam, shekara biyar ina ɓoye yaron nan. In an yi baƙi sai in kulle shi a ɗaki. Dangin ubansa sun ce daga wajenmu abin ya fito. Da na sa hotonsa, mata suka yi ta kirana daga Mayahi, daga Maijirgi, suna kuka, suna cewa ashe ba su kaɗai ba ne. Yanzu kana so in koma ɓoyo?»

A'a Hajiya, ba na so. Ɓoyon da muka gada shi ya sa yara 5,000 suka zama kamar babu su. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware ranar 2 ga watan Afirilu ta kowace shekara, tun daga 2008, domin a yi maganar otisim a fili. Amma labarin da matan nan ke buƙata naki ne, kuma ke baliga ce, kina da ikon ba da shi. Ki zauna gaban salula ki faɗi yadda kika gane, da abin da kika gwada bai yi ba, da abin da ya yi. Ba sai an ga fuskarsa ba, balle hawayensa.

Ita kanta kyamarar tana da wurin da take da amfani. A Ingila, likitoci sun gwada wata hanya da yara 152 masu otisim, aka buga sakamakon a 2010: ana ɗaukar hoton uwa ko uba suna wasa da yaron, sannan a zauna da gwani a kalla tare, a nuna musu inda yaron ya yi ƙoƙarin isar da saƙo ba a lura ba. Da aka sake duba yaran a 2016, an iske amfanin bai gushe ba. An kuma gwada irin wannan hanya a Indiya da Pakistan ta hannun ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba ne. Hoton da aka ɗauka domin uwa da likita su gani magani ne. Salula guda ce, bambancin yana ga wanda aka nuna wa.

Abin da ya rage gare mu

Ga iyaye, a fara da gwajin kunne da ganin likitan yara, a asibitin gunduma, ko Maraɗi, ko Yamai. Alhazanmu da ke zuwa Kano kowane wata sun san hanyar asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a ba ta hana ganin likita, musamman da yake wasu daga cikin yaran na haɗawa da farfaɗiya, ita kuwa tana da magani. Bayan haka a koma lakwal a roƙi sa'a guda ko biyu a rana, a benci na gefe, tare da wani babba na gida, kafin a ƙara a hankali.

A kuma duba abin da yaron ke so. Da na shiga siton Alhaji, na iske shi zaune ya tsiyaye tiya guda ta wake yana ware fari daban, ja daban, babu kuskure, kusan sa'a guda bai ɗaga kai ba. Nan ƙofar lissafi take. Temple Grandin, wata Ba'amurkiya da aka haifa a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3. Uwarta ta ɗauko mata masu koyarwa a gida, ta kuma sa ta makaranta tare da sauran yara. Ta zama farfesa kan kiwo a jihar Kolorado, kuma tsarin shingen shanu da ta zana ya bazu a mayankan Amurka. Ba kowane yaro zai zama ita ba, amma babu wanda zai san iyakar ɗansa idan bai gwada ba.

Ga ma'aikatan ilimi da na lafiya da ke karanta wannan fili: duk yaron da direkta ya ce ba a da yadda za a yi da shi, a rubuta sunansa a kai wa sufeto, a san inda ya shiga. OMS na da wani shiri na horar da iyayen yara ƴan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, zama 9 na rukuni da ziyara 3 a gida, wanda ma'aikacin da ba ƙwararre ba zai iya gudanarwa, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya. Ban ga abin da zai hana CSI guda a Mayahi da guda a Tasawa su fara ba. Ga ƴan kasuwa kuma, albashin mushe guda da aka horar domin yara goma bai kai abin da muke kashewa a biki guda ba.

Kafin in bar Tasawa, Alhaji ya yi mini alkawarin abu biyu: za a sauke hoton kukan daga shafin, kuma zai kai yaron Maraɗi a duba shi. Batun mayar da yayarsa lakwal kullum, ya ce zai yi shawara da Hajiya. Na farkon an cika shi a gabana. Sai dai saukewa daga shafi bai fidda shi daga salular waɗanda suka riga suka ajiye ba. Ni na goge guda huɗun da ke tawa. Kai ma mai karatu, in ya iso gare ka, ka yi wa yaron addu'a, ka goge, kada ka tura gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.